Azaba a Matsayin Madubin Zunubi: Tsokaci a kan Waƙar Inferno ta Dante

Dante Alighieri (1265–1321), mawaƙin Italiya, ya tsara doguwar waƙarsa Commedia yana gudun hijira, bayan an kore shi daga birnin Fulorans a 1302. Kashinta na farko, Inferno, mai babi 34, ya siffanta wuta a matsayin rami mai hawa tara, kowane hawa ya fi na samansa ƙunci.

Hikimar waƙar tana cikin yadda azaba ke ɗaukar kamannin laifi. Mazinata, waɗanda sha'awa ta yi ta juya su a duniya, guguwa ce ke yawo da su ba hutu. 'Yan duba da suka yi da'awar sanin gobe an murɗe musu wuya, fuskarsu na kallon baya. Maciya amana kuwa suna can ƙarshen ramin, daskare cikin ƙanƙara, tamkar yadda zukatansu suka rasa ɗumin ƙauna tun suna raye. Haka kuma, Dante ya sa mayaudara a ƙasa da masu kisa, domin a babi na 11 an bayyana cewa yaudara laifi ce da ta keɓanta da ɗan Adam, tunda da hankali ake aikata ta.

Sai dai mawaƙin bai tsaya ga rukunin masu laifi ba. Ya ambaci mutanen zamaninsa da sunayensu, har ya tanadar wa Fafaroma Boniface na 8, wanda yake ɗora wa alhakin korarsa, gurbi a babi na 19. A nan adalci da ramuwar gayya suka cuɗanya, mai ƙara ya hau kujerar alƙali.

Wannan ne ya kamata manazarcin adabin Hausa ya lura da shi. Waƙoƙin wa'azi na ƙarni na 19 su ma sun siffanta azabar lahira dalla-dalla, amma galibi rukuni suke tsoratarwa, kamar masu tauye mudu da alƙalai masu cin hanci, su bar makomar mutum ɗaya ga Allah. Dante ya samu ƙarfin labari ta hanyar kiran suna, wa'azin Hausa ya tsira da ladabi ta hanyar barinsa. Saboda haka, ya fi dacewa a karanta Inferno a matsayin nazarin yadda zunubi ke sauya mai yinsa, a kuma riƙi hukuncinta a kan mutane a matsayin ra'ayin korarre mai ciwon zuciya.