Zumunta a Ƙafa Take

Kwanan baya wani tsohon ɗalibinmu da ke aiki a Ingila ya sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Kwana 10 ya yi a birni. Ya nemo abokansa na makaranta a Fagge da Sabon Gari, aka ci tsire, aka sha dariya, aka tuna baya. Madalla, haka ya kamata.

Amma bai leƙo ƙauyenmu na ƙasar Ɗambatta ba. A nan kuwa akwai abokin da suka yi kiwon awaki tare, wanda har yau shi ke nome wa mahaifiyar baƙon gonarta, yana kai mata taki kowace bazara. A kasuwa ya tsinci labarin zuwansa. Bai ce kome ba, amma mun ga fuskarsa.

Kakanninmu fatake sukan yi wata da watanni a hanyar Gwanja neman goro. In sun komo, gida gida suke bi da tsaraba. Yau daga Kano zuwa Ɗambatta bai kai awa 2 a mota ba.

'Yan'uwa mazauna ƙasashen waje, in kun zo birni, ku ƙaraso gida. Da tsohuwar zuma ake magani.