Tumatirin da Ya Fita Daban Ba Lalatacce Ba Ne

A lambunan rani na bakin madatsar Tomas a Dambatta, ko na Watari a Bagwai, kwando guda kan haɗa tumatir kala-kala: ga dogo, ga kewayayye, ga mai tsaga-tsaga kamar kabewa, ga wanda ya yi ja amma kewayen mariƙinsa ya tsaya ruwan ɗorawa. Dillali na gani sai ya karya farashi, manomi kuma ya koma gida yana zargin mai sayar da iri. A ganina, galibi amsar tana cikin gonar, kuma rashin saninta ne ke cinye ribar manomi.

Babban dalili shi ne ajiye iri. A ƙasa mai cunkoso irin tamu, inda gonar gado ta zama 'yan kunyoyi, mutum kan sayi irin aure mai tsada, ya ga ya yi kyau, sai ya matse 'ya'yan ya shanya ƙwayar don baɗi. To, irin aure haɗin iyaye biyu ne mabambanta, kuma shukar farko ce kaɗai ke fitowa bai ɗaya. A shuka ta biyu halayen kakanni kan warwatsu, wannan ya ɗauko tsawo, wancan ya ɗauko faɗi. Tun 1866 Gregor Mendel ya bayyana hakan da gwajinsa na wake. Sauran kuma aikin yanayi ne da ban ruwa. Sanyin daren hunturu lokacin fure yana sa ɗa ya fito a murɗe. Zafin bazara, idan ya haura digiri 30, yana hana tumatir yin jan launinsa. Ban ruwa na yau a cika gobe a bari shi ke tsaga fata, ya kuma baƙanta gindin ɗan.

Za a ce ai akwai jabun iri a kasuwa. Akwai, kuma dole hukumar kula da iri ta ƙasa ta matsa wa masu yinsa. Amma wanda ya matse irinsa da hannunsa ba shi da wanda zai kai ƙara. Za a kuma ce talaka ba ya iya sayen sabon gwangwanin iri kowace shekara. Gaskiya ne, shi ya sa ba na cewa a daina ajiya. A ajiye wanda ke ajiyuwa, irin su Roma da UC82B, waɗanda 'ya'yansu ke kama da iyayensu, a kuma zaɓa daga lafiyayyen gindi.

Mai lodin Legas yana da hujja idan ya nemi mai tauri, mai kama ɗaya, domin hanyar kasuwar Mile 12 doguwa ce. Amma tukunyar miya ba ta tambayar siffa. Murɗaɗɗen tumatir, muddin ba ruɓa ko tsutsar sharon a cikinsa, abinci ne, kuma in aka yanka shi aka shanya kauɗa, zai yi daraja da damina.

Ya kamata malaman gona na hukumar raya aikin gona ta Kano, KNARDA, su shiga ƙauyukan Kunchi, Makoɗa da Tsanyawa tun kafin a zuba iri, su koya wa manoma bambancin irin da ake ajiyewa da wanda ba a ajiyewa.