A Bar Kurma Ya Yi Maganarsa Da Hannunsa

Jama'a, duk wanda ya yi zaman Ikko ko Badun ya san ciwon kewar gida. Mu masu ji, da kewa ta motsa sai mu buga waya Kano ko Sakkwato, mu ji muryar tsohuwa, hankali ya kwanta. To, kurma fa?

Akwai wani tela kurma a Sabon Badun, mutumin Kano ne, matarsa ma kurma ce, tana can gida. Shekara da shekaru in zai gaisa da ita sai ya nemi yaron shago, ya yi masa nuni, yaron ya faɗa wa ƙanen matar a waya, shi kuma ya mayar mata da hannu. Mutum huɗu a kan zancen miji da mata! Wane asiri ne zai rufu a nan? Rubutaccen saƙo bai fisshe shi ba, domin ita ba ta yi boko ba. Bara ya tara kuɗi ya sayi waya mai kyamara, ya koma kiran bidiyo, wato abin da yara ke ce wa ga-ni-ga-ka. Yanzu sai ya jingina ta da keken ɗinki, hannuwa biyu a sake, su yi hirarsu su kaɗai.

Na ji waɗansu abokan zamansa suna cewa wai almubazzaranci ne, me kurma zai yi da waya mai tsada? Ni dai ina ganin in akwai wanda wannan waya ta wajaba a kansa, to shi ne. Tun da aka ƙago tangaraho a 1876, don kunne aka yi shi. Sai a 1964 wani kurma Ba'amurke, Robert Weitbrecht, ya gano hanyar haɗa keken rubutu da layin waya, amma wannan ma sai mai karatu. Wayar hannu ta zo mana a 2001, WhatsApp ya buɗe kiran bidiyo a 2016. Sa'an nan ne kurman da bai shiga aji ba ya sami wayar da ke ɗaukar harshensa.

Harshe na ce, ba kuskure na yi ba. Maganar hannu ta kuramen ƙasar Hausa harshe ce mai zaman kanta, daɗaɗɗiya, kuma dabam take da wadda ake koyarwa a yawancin makarantun kurame, mai tushe daga Amurka, wadda Andrew Foster ya yaɗa bayan ya buɗe makaranta a Badun a 1960. Saboda haka telan nan yana iya tarar da tafinta a nan Kudu su kasa fahimtar juna sosai.

Sai dai kiran bidiyo yana lashe data kamar wutar daji. Gaisuwar da ni zan yi da 'yan nairori, shi sai ya ninka. In layi ya yi rauni hoto ya tsaya, magana ta yanke ke nan a tsakiya. In an ɗauke wuta da dare kuwa, ba a ganin hannu balle fuska.

A ƙasar Suwidin tun 1997 akwai tafintocin da kurma zai kira ta bidiyo, su isar da maganarsa ga likita ko ma'aikacin ofis nan take. Mu ma muna da dokar hana wariya ga naƙasassu, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ya kamata Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta sa kamfanonin waya su ware wa kurame data mai rangwame, a kuma kafa irin wannan ofishin tafinta, da sharaɗin a ɗauki waɗanda suka iya maganar hannu ta Hausa.

Kafin nan, Sarakunan Hausawa na Sabo da Agege da Idi-Araba su san adadin kuramen unguwanninsu. In an tashi rabon taimako, a tuna cewa katin data ga kurma kamar kuɗin motar zuwa ganin gida ne.