ZAUREN MAKANIKAI: Sabo ne, amma an sa masa giris?

A wannan wata za mu taɓa zancen manyan babura marasa sarƙa, waɗanda sandar ƙarfe ce ke juya tayarsu ta baya, wato abin da makanikai ke kira shaf. Ba su da yawa a zangunanmu, amma ana shigo da su ta Tema, kuma kuɗinsu ba na wasa ba ne.

Abin da ya jawo zancen shi ne wani ɗan'uwanmu a Kumasi da ya sayi irin wannan babur sabo fil daga hannun wani dila. Damina biyu kacal ya yi a kansa, sai ya fara jin ƙara daga baya duk lokacin da ya saki totur. Muka raka shi Suame Magazine wurin wani tsohon bakanike. Da aka kwance, sai da aka haɗa da guduma kafin shaf ɗin ya fito. Haƙoransa a bushe ƙamas, jan garin tsatsa na zuba kamar jar kanwa. Ko alamar giris babu. Bakaniken ya dube mu ya ce, tun daga ƙasarsu aka rufe shi haka.

Ga yadda abin yake. Kowane bakin shaf yana da haƙora masu shiga cikin 'yan'uwansu, kuma duk ramin da tayar baya ta faɗa, haƙoran nan sai sun ɗan zame gaba da baya, ga kuma ƙarfin inji a kansu. In babu maiƙo, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. In kuma ruwa ya shiga ta robar da ke rufe wurin, ba shi da mafita, nan zai kwanta ya yi aikinsa. Mutum ba ya gani, domin komai a rufe yake. Mai sarƙa kuwa ko yaro ya duba ya san ta bushe.

Kada a ce ƙananan kamfanoni ne kaɗai ke faɗawa wannan. BMW ta Jamus tun 1923 take ƙera babur mai shaf, amma a 2022 sai da ta kira babura kusan 440,000, samfurin R1200GS da R1250GS, domin a duba shaf ɗinsu a kuma sa musu wata 'yar ƙofar fitar da ruwa. Mun yaba musu da suka amsa laifi. To amma wanda ya sayi nasa na hannu, ya ratso teku, wa zai aiko masa da takardar kira?

Su kuma diloli, aikinsu ne su bi babur su duba kafin su miƙa makulli. Sai dai abin da muka fi gani shi ne a zuba mai, a sa batir, a goge jiki ya yi ƙyalli. Gaskiya shaf ba ya cikin abin da aka saba buɗewa a wannan dubawa, saboda haka in kamfani ya yi rowar giris, babu mai kamawa. Masu ƙananan babura na kwali, kada ku yi dariya, mun sha kwance sabuwar taya mu tarar da boris ɗinta kusan a bushe.

Shawararmu ita ce, tun a sabis na farko ka sa a buɗe a gabanka, ko da za ka biya kuɗin aikin. Kada ka yarda da girisin gwangwani na yau da kullum, domin matsi yana fitar da shi. Ka nemi mai kauri, mai sinadarin moli da yawa, irin wanda littafin babur ɗinka ya ambata, a shafa da buroshi siriri-siriri. Wasu kuma suna zaton canjin man giyar baya ya wadatar. A'a, a yawancin baburan nan man bai isa wurin haƙoran ba. A duba robar ma, in ta tsage a canza ta kafin ruwa ya sauka.

Shi dai ɗan'uwan namu wata biyu babur ɗinsa ya yi a jingine, yana jiran sabon shaf daga Turai.