Daga Allon Malam: Takardar da Ta Fi Hoton Shugaba



A makon jiya wani ɗalibinmu ya zo aji da tsohuwar takardar fam ɗaya da ya tsinta a akwatin kakansa. Hoton Shugaba Ja'afar Numairi ne a jiki, da rawaninsa, irin kuɗin da aka buga a 1981. Yaron ya ce, "Malam, nawa za ta yi yanzu?" Muka ce a kasuwar Gadarif ko ƙwayar riɗi ba za ta saya ba. Aji ya fashe da dariya.

A Amurka kuwa irin waɗannan kaya dukiya ne. A 2012 an yi gwanjon wani littafin dokoki mai ɗauke da sa hannun shugabansu na farko, George Washington, a kan kusan dala miliyan 10. Hatta barkwancin shugabanninsu adana shi suke yi. A 1984 Ronald Reagan yana gwada makirfo ya yi raha cewa nan da minti biyar za a fara yi wa Rasha ruwan bama-bamai. Maganar ta fita, duniya ta ɗauka, har yau ana tuna ta.

Mu a nan, talaka ne ke yin barkwancin, a layin burodi da na fetur. Da Numairi ya zubar da giya a kogin Nilu a 1983, iyayenmu sun ce masu raha cewa suka yi kifaye sun kwana cikin maye. A Afrilun 1985 ya tafi wajen Reagan ɗin nan, kafin ya dawo mulki ya suɓuce. Aka cire hotonsa daga kuɗi, aka sa taswirar Sudan. Dinari ya zo a 1992, fam ya dawo a 2007, aka sake shi a 2011, ga kuma canjin da muka sha layinsa a ƙarshen 2024. Sarki goma, zamani goma.

Amma akwai maganar shugaba da ba ta ba mu dariya ba. A 2008 wata jarida ta jingina wa Umar al-Bashir cewa Hausawa ba 'yan ƙasa ba ne. An musanta daga baya, amma sai da Gadarif ta yamutse. Ranar nan babu wanda ya nemi hoton shugaba. Kowa akwati ya buɗe yana laluben takardar jinsiyyar ubansa.

To, ga abin da muka faɗa wa yaron. Ka ajiye Numairi don tarihi, amma ka koma akwatin nan. Takardar gonar kakanka, da shaidar haihuwa, da rasit ɗin haraji, da tsofaffin wasiƙun ajami masu hatimi, su ne sa hannun da ya fi tsada a gidanku. Kakanninmu da suka biyo hanyar gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, har aka kafa Mai Wurno, sun bar shaida, gara da damina ne ke cinye ta.

Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 mun ga baƙi sun iso garin nan ba ko takarda ɗaya a hannu. Don haka a naɗe su a leda, a ɗauki hotonsu a waya, a aika wa ɗan'uwa a wani gari.

Allah ya ba mu zaman lafiya. Sai wata mai zuwa.