Sabon Ɗan Aike Bai San Miliyan Ɗin Kasuwar Libiya Ba

Duk wanda ya taɓa ciniki a Kasuwar Libiya ta Omdurman ya san cewa idan dillali ya ce miliyan, sau da yawa fam dubu yake nufi. A 2007 aka sake kuɗin Sudan, fam ɗaya sabo ya maye gurbin dubu na da, amma baki bai saki tsohon lissafi ba. Yaron shago ya san wannan tun ba a gaya masa ba.

To, yanzu ga sabon ɗan aike ya shigo: manhajar basirar kwamfuta mai duba farashi, ta yi odar kaya, har ta tura kuɗi. Ita kuwa ɗan gajeren bayanin da masu ƙira suka rubuta a kan kowane kayan aiki take karantawa, shi ne jagoranta. Idan bayanin ya ce "adadin kuɗi" kurum, bai fayyace fam ne ko dala ko sefa ba, bai raba dozin da katan ba, sai ta cike gurbin da zato.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya cinye jarin 'yan uwanmu da dama a wannan kasuwa. Wanda ke farfaɗowa ba zai iya ɗaukar kuskuren sifili uku ba.

Saboda haka kafin mu damƙa mata kuɗinmu, mu gwada ta da yaren kasuwa. Mu ce ta biya miliyan biyar. In ta tsaya ta tambaya wane miliyan, madalla. In ta wuce kai tsaye, mu riƙe kuɗinmu har sai masu ita sun gyara bayaninsu.