Filin Mata: Yawon Ƙafa Daga Bakin Tiga Zuwa Duwatsun Riruwai

Idan hutu ya ƙarato, malamai sukan so su kai 'yan mata yawon buɗe ido a kudancin Kano. Abu ne mai kyau ƙwarai. Amma kafin uwa ta ce a dawo lafiya, sai ta tambayi wace hanya za a bi, gama hanyoyin ba ɗaya ba ne.

Mai sauƙi ita ce ta bakin ruwan Tiga, a ƙasar Bebeji. An gina madatsar a kan Kogin Kano zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama a 1974. Yarinyar da ba ta taɓa ganin teku ba, in ta tsaya a nan sai ta riƙe baki. Ƙasar shimfiɗe take, ko tsohuwa ta iya takawa. Sai dai kada a bari yara su shiga wanka, don ruwan kwance yakan kawo tsargiya.

Daga nan in an miƙe hanyar Jos, an wuce Tudun Wada, sai Dajin Falgore. To, nan fa magana ta canja. Daji ne babba, ya taɓa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, an kuwa keɓe shi tun zamanin Turawa. Akwai kaɗanya da ɗorawa da marke, ga birai, ga tsuntsaye iri-iri. Amma itatuwan nan kama suke da juna, wanda ya saki turba sai ya rasa gabas. Ban da wannan, ɓarayin shanu da 'yan fashi sun sha ɓuya a ciki, har aka kai sojoji. Ni dai a ganina, malamin da bai nemi izinin hukuma da rakiyar ma'aikatan daji ba, kada ki ba shi 'yarki, ko da shi ne shugaban makaranta. Ba rashin kunya ba ne ki tambaye shi.

Riruwai kuwa, can ƙasar Doguwa inda aka daɗe ana haƙar kuza, hawan dutse ne sosai. Wannan sai manyan 'yan mata masu ƙarfin gwiwa, da ɗan gari a gaba, don akwai tsofaffin ramukan haƙa. Abin dariya, hanyar da 'yar birni za ta hau tana haki, ita ce matan ƙauye suke bi da itace a ka, da goyo a baya.

A tafi da hunturu, bayan ciyawa ta bushe, ana ganin inda ake sa ƙafa. Da damina duwatsu suna santsi, rafuka kuma sukan cika farat ɗaya. A sa takalmi rufaffe saboda ƙaya da maciji, silifa ba ta hawan dutse. Ki ɗaura mata gorar ruwa da dabino da ƙuli-ƙuli. A fita da sassafe, a juyo da azahar, yadda la'asar za ta same su a bakin mota.